Laujen Barba Anestis

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kafin ƙararrawar coci ta buga bakwai na safe, Barba Anestis ya riga ya hau tudun da ke arewa da ƙauyenmu, lauje a kafaɗa, burodi da cuku da zaitun a ƙunshe cikin ƙyalle. Gadin tsohon kabarin jarumi aka ɗauke shi yi: ya buɗe ƙofar shinge, ya yaga wa baƙi tikiti, ya kori awaki daga kan duwatsu. Shi jarumin, ruwan sama ya cinye sunansa daga jikin dutse tun zamanin da ba wanda ya sani. Abin da ya rage sai maganar tsofaffi, wai muddin ƙasusuwansa na kwance a can, babu abin da zai ci garin nan.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Na ƙarar da ƙarfina ina koya wa yara wanda mutanen dā ke kira jarumi: mai jinin alloli, wanda ya kashe wani dodo, ya mutu da sauran ƙuruciya, mawaƙa suka riƙe sunansa. Anestis ko ɗaya bai da shi. Ubansa makiyayi ne, gwiwarsa ba lafiya, kaza ma matarsa Argiro ke yanka musu.

Amma akwai aikin da ba wanda ya sa shi. Da ciyawa ta fara bushewa a watan Mayu, sai ya fita bayan shinge ya yi ta yanka, faɗin taku arba'in, tun daga gindin dutse har bakin kwalta. Nan ne kaɗai daji ya haɗu da gonakin zaitun ɗinmu. An ba shi inji ya ƙi, ya ce inji na fid da tartsatsi.

Fotis mai shagon gahawa ba ya barinsa ya wuce lafiya. "Barba, yau ma askin mamacin za a je? Ka gaishe shi, ka ce ya riƙa yin godiya!"

"Zai ji. Kai ma da na yi maka, sai dai kan naka babu abin yankewa."

Mu yi ta dariya. Da ni a masu dariyar, kuma har yau ina jin kunya.

A watan Agustan bara, da tsakar rana, iskar arewa ta koro gobara ta cikin daji. Ƙauyuka biyu sun riga sun ƙone, motocin kwana-kwana duk suna can. Muka taru a dandali da jakunkuna, Fotis yana roƙon tsohuwarsa ta shiga mota, ita kuwa ta ce a gidanta za ta mutu. Muna kallo wutar ta gangaro har gefen kabarin, ta iso filin Anestis, ta rasa abin ci. 'Yan tartsatsin da suka tsallako, shi da wasu maza huɗu suka bi su da jiƙaƙƙun buhuna. Da la'asar iska ta kwanta. Na zauna a ƙasa daɓas na yi kuka, ban damu da wa ke kallo ba.

Washegari tsofaffin mata suka hau tudu da zuma da man zaitun, suka zuba a kan kabarin suna godiya. Raina ya ɓaci. Na ce, "Barba, kana gani ba za ka ce uffan ba?"

Ya ce, "Malam, ƙyale shi ya sha zumarsa. Ya daɗe a kwance ba mai leƙa shi. Ni dai a samo mini maganin gwiwa."

Barba Anestis, gwarzon lauje, kai ne ka kashe dodon nan tun kafin a haife shi, kowace shekara, a durƙushe, muna yi maka dariya. Kai ne ka sa tsohuwar Fotis take kwana a ɗakinta har yau. Darasina ya yi kuskure, ko kuma bai cika ba.

A watan jiya ya ajiye aiki. Wanda ya gaje shi mutumin kirki ne, amma cikin shinge kaɗai aka ba shi. Mayu ya kama, ciyawa ta kai gwiwa, hankalina ya ƙi kwanciya. Ran Lahadi bayan coci na ari lauje na hau tudun ni kaɗai, ina tunanin ko taku biyu na yanka ya rage wani abu. Sai na tarar da mutum goma sha huɗu a sunkuye, Fotis a gaba, gumi na zuba daga sanƙonsa. Anestis na zaune a kan dutse ya miƙe ƙafa.

"Fotis, aski kake yi ko susa? Ƙasa-ƙasa za ka bi!"

Na sauke ajiyar zuciya, na nemi gurbi a layi.

Mun gode, Barba. Allah ya ba gwiwar nan lafiya. Ku kuma masu karatu, ku duba garinku da kyau, akwai wani a durƙushe da kuke yi wa dariya. Ku ari lauje ku je ku same shi tun ciyawa ba ta bushe ba.