Takalmi a Ƙofar Coci

Sallar azahar na shiga yi, kuma ban daɗe ba. Da na sallame na fito falo, sai na tarar ba kowa a kujerarta, ƙofar gida a buɗe, rigar sanyinta tana rataye inda take.

Tsohuwa ce Bayahudiya da nake jinya a unguwar Parkchester, ta haura tamanin, mantuwa ta fara kama ta. Ni ke yi mata wanka, in dafa, in ba ta magani. Mama nake ce mata. Mun shaƙu tun ranar da ta gan ni ina rubutu da ajami, ta yi dariya ta ce ashe mu ma daga dama muke farawa kamar su. Amana aka ba ni, ga shi ta fita da 'yar rigar zaman gida, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa a titi.

Mai kula da ginin ya ce bai gan ta ba. Na tsaya wajen wani ɗan Nijar mai sayar da huluna da safar hannu.

"Hajiya, wa ya koro ki haka?"

"Malam, tsohuwata ce ta fita."

Dariyarsa ta ɗauke. Ya bar wa maƙwabcinsa teburin ya yi gabas, ni na yi yamma. Na hau tashar jirgin ƙasa, ba ta nan. Na je wurin ibadarsu, a kulle. Ba abin da bakina ke maimaitawa sai hasbunallahu.

Na kira 'yarta, wadda ke aiki a unguwar Jamaica, can wani gefen birnin. Da na faɗa mata, sai ta ce, "Akwai cocin Katolika kusa da ku?"

"Akwai. Amma me zai kai Mama coci?"

"Ki kama hanya, 'yar'uwa, zan faɗa miki kina tafiya."

Ta ce lokacin da Jamusawa suka mamaye Poland suna kashe Yahudawa, Mama tana ƙaramar yarinya. Uwarta ta miƙa ta ga wata mai wankau, Kirista, 'yar ƙasar. Matar ta ce wa maƙwabta 'yar ƙanwarta ce daga ƙauye, alhali ta san wanda aka kama ya ɓoye Bayahude kashe shi za a yi, wani lokaci har da mutanen gidansa. Ta koya mata addu'o'insu da yadda suke durƙuso. Ta kuma ja mata kunne: in ta ga sojoji a layi, ta shige coci ta durƙusa, kada ta tashi sai ta zo ɗaukarta.

Ban taɓa shiga coci ba. Na tsaya a bakin ƙofa, na yi bisimilla, na cire takalmina. Ko tunani ban yi ba, ɗakin ibada ne, ƙafata ce ta yi abin da ta saba.

Tana can wajen kujerun baya, kusa da wasu tsofaffi mata. Gwiwoyin nan da kullum sai na tallafa kafin ta sauko daga gado, su ne a ƙasa. Tana raɗa da wani harshe da ban taɓa jin ta yi ba. Na dafa kafaɗarta, sanyi ƙalau. Ta ɗago ta kalli mayafina, ta kira ni da wata kalma wadda daga baya 'yarta ta ce min inna take nufi.

"Kin daɗe," in ji ta, da Turancin da muka saba. Sai idonta ya sauka a kan safata. Ta damƙe hannuna. "Ina takalminki? So kike a gane mu? Ba mai cire takalmi a nan!"

"Yi haƙuri, Mama."

"Ke fa kika ce in riƙa yin duk abin da suke yi." Ta ƙara yin ƙasa da murya. "Sun tafi?"

"Sun tafi. Ba ko ɗaya a layin."

Ban yi mata ƙarya ba, kuma na gode wa Allah da Ya sa gaskiyar ce take bukata. Ta saki numfashi, ta bari na ɗaga ta. Na tuɓe rigar sanyina na sa mata. Ta ce mu tafi a hankali, kada in waiwaya.

Da muka isa ƙofa sai ta sha gabana, ta ware hannuwa cikin rigar da ta yi mata yawa, ta kare ni don kada wani ya ga ina sa takalmi. Ban san sunan mai wankau ɗin nan ba, ban san inda kabarinta yake ba. Allah Shi ne Ya san abin da ta aikata.

A kan matakala na kira 'yarta.

"Ga ta nan a hannuna."

Sai ta fashe da kuka. Mama ta ja mayafina ta ce yunwa take ji, me na dafa?