Misalin da na kawo a wa'azina

Mu goma sha ɗaya ne a ajinmu na kwalejin tauhidi da ke bakin garin Lafia, ta hanyar Doma. Makaranta ce ƙarama, in ka yi atishawa a ɗakin karatu sai a yi maka sannu daga gidajen ma'aurata. Ni ne ƙaramin ajin, ni ne kuma mai rawar kai.

Al'adar makarantar ce a haɗa ɗalibai biyu-biyu su zama abokan addu'a. Aka haɗa ni da wani dattijo daga Keana, wanda ya bar gonarsa ya zo karatu da matarsa da 'yarsa mai farfaɗiya. Baba nake kiransa. Wata Laraba muna zaune a gindin mangwaro, sai ya ce, "Ɗana, a holide ɗin nan na kai yarinya wurin mai magani na gidanmu. An yanka kaza. Ka roƙa mini gafara, zuciya na bai kwanta ba."

Na yi masa addu'a, har da ƙwalla.

Bayan mako uku aka zo gwajin wa'azi. Malaminmu, wani Rabaran mai tsanani, kullum cewa yake wa'azin da ba misali daga rayuwa ba ya shiga kunne. Ni kuwa maki nake so. Na hau mumbari ina magana kan masu raba zuciya biyu, na ce na san wani bawan Allah da ya kai 'yarsa marar lafiya wurin boka. Ban faɗi suna ba. Wai ni a nan na rufa asiri, a makarantar da yarinya ɗaya tak take faɗuwa, kowa kuma ya taɓa taimakawa wajen ɗaga ta.

Ban gama jimlar ba na ga kawuna suna juyawa. Baba ya kafa ido a kan takalminsa. Da na tsaya a nan ma da sauƙi, amma na ci gaba, har na ƙawata labarin da jinin kaza, don na ga ajin ya yi tsit.

Na fi kowa maki. Baba kuwa hukumar makaranta ta kira shi, bai yi musu ba. Aka sa shi ƙarƙashin horo na wata shida: ba zai yi wa'azi ba, ba zai ci jibin Ubangiji ba, wato gurasar da ake raba wa masu bi a coci, zai riƙa zama a bencin baya. Ikilisiyar da ta turo shi ma sai da aka rubuta mata. Na yi niyyar zuwa gidansa ya fi sau goma, kunya ta hana ni. Ko hanyar rijiya na canza.

Ran Lahadin jibi, Rabaran ya zaɓe ni in taya shi rabawa, tunda ni ne gwanin aji. Na ɗauki tiren gurasa ina bi benci-benci, har na iso na baya. Baba yana bakin bencin, matarsa tana can ciki, dole in wuce ta gabansa kafin in miƙa mata. Na tsaya na kasa motsi.

Baba ya janye gwiwoyinsa ya ba ni hanya, ya ce a hankali, "Wuce, ɗana. Riƙe da kyau, kar ya zube."