Uwar Kaf da Zaren Kitso

Har gobe ban manta da safiyar da muka maido da uwar kaf gida ba. Ku da kuke aikin kifi yanzu, ku matso ku ji.

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Zariya, ina aiki a wata gonar kifi tsakanin Samaru da Shika. Akwai mai gona, wanda ba mu cika ganinsa ba, akwai Manaja, sai mu leburori. Ni aikina ba da abinci. Da safe in ƙwanƙwasa ƙwarya a bakin tafki, kifi ya taso, in watsa masa dusa da dafaffiyar masara. Yawancin kifinmu tarwaɗa ne da karfasa, amma akwai tafki guda na wani baƙon kifi da ake kira kaf, mai manyan ɓawo da ɗan gashin baki. Wannan tafkin shi ne a hannuna.

Wata damina ruwa ya ci bangon tafkin, uwar kaf ta bi ruwa ta faɗa babban dam da ke ƙasa da mu. Mazan suna nan, amma mace mai ƙwai ita kaɗai ce. Manaja ya kira ni ofis.

"Iya, mai gona ya ce in ba ta dawo da rai ba kafin ta zubar da ƙwai a can, za a rufe tafkin kaf. Kin san abin da nake nufi."

Na sani. In babu tafki babu mai ba da abinci, ga jikoki a ɗakina.

Taru ba ya jawuwa a dam ɗin saboda kututturen itatuwa. Sai Manaja ya aika Sabon Gari aka zo da Baba Iliya, tsohon masunci, sa'ana ne a shekaru. Ya kafa ƙugiyoyinsa da tana da hanjin kaza, ya yi ta fito da tarwaɗa. Na ce masa uwar kaf masara take ci. Ya soke masara a ƙugiya. Igiya ta ɗan motsa, ta tsaya. Ya fizga, babu kowa.

Ya dube ni ya ce, "Uwar kifi, 'yar nan taki ba ta da tarbiyya. Ana ba ta abinci tana raina mutane."

"Sarkin ruwa, ko dai kai ne ba ka iya karɓar baƙi ba?"

Ya yi dariya, ya ce to mu daina jifa, mu je mu ga yadda take ci. Washegari da safe muka hau wani dutse inda ruwa ya kwanta garau a kan yashi. Na watsa masara, shi kuma ya saki ƙwayar da ke jikin ƙugiya a tsakiyarsu. Muka zauna muna kallo.

Can sai ga inuwa. Ta zo a hankali, kai ƙasa, wutsiya sama. Ta zuƙi masara haɗe da yashi, ta furzar da yashin, ta riƙe masarar. Haka take bi ɗaya bayan ɗaya. Da ta iso kan mai ƙugiya ta zuƙa, kafin ƙiftawar ido ta tofar. Ta ja baya, jikinta ya gogi igiya, ta juya ta bar wurin.

Baba Iliya ya gyara zama. Daga baya ya ce, "Tarwaɗa haɗiya take, wannan ɗanɗanawa take. Ni na saba da masu haɗama." Ya dubi kaina. "Iya, san mini zaren kitsonki."

Na kwance masa. Ya zura masara a zaren da allura, ya ɗaure ta tana reto kaɗan a ƙasan wata 'yar ƙugiya tsirara. Ya goge haƙorin ƙugiyar a dutse don kada ta yaga nama, ya sa dalma igiya ta kwanta a ƙasa. Ya ce za ta zuƙi masara ba ta ji ƙarfe ba, ƙugiya ta biyo baya. In ta zo tofarwa sai ta kama leɓe, ba ciki ba, ta fito da ranta.

"Saura naki. Ni ba za ta amsa kirana ba."

Na tsaya da ƙwarya a hannu. Tun tana kamar tafin hannu take amsa wannan kiran, ban taɓa kiranta ga wani abu ba sai abinci. Na tuna jikokina. Na yi bisimilla na ƙwanƙwasa.

Ta zo. Ta zuƙa, ta tofar, igiya ta miƙe. Baba Iliya bai fizga ba, ya bar ta ta gaji don kanta. Na shiga ruwa har gwiwa na naɗe ta da jiƙaƙƙen zane, muka ɗauke ta a baho. Ƙugiyar na leɓen ƙasa, ko jini babu. Manaja ya hau tudu yana neman sabis ɗin waya ya gaya wa mai gona.

Ta yi ƙwai a wannan daminar, tafki bai rufu ba. Amma daga ranar, in na ƙwanƙwasa ƙwarya ita ce ta ƙarshen zuwa, kuma kowace ƙwayar masara sai ta zuƙa ta tofar kafin ta ci. Har na bar aiki haka take yi mini.

Abin da na ɗauka shi ne, kafin ku jefa ƙugiya ku zauna ku ga yadda kifi yake ci. Kuma wanda yake ciyar da dabba shi kaɗai yake iya yaudararta, sau ɗaya tak. Ku adana wannan ɗayan sai ranar da babu makawa.