Ranar da Akuya Ta Cinye Mana Furotin

Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, ku saurara. Har gobe ban manta da ranar da muka je gasar kimiyya a Misau ba, lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa Azare ba. Ina ma'aikaciyar wucin gadi a ɗakin gwaji na wata sakandaren 'yan mata, aikina wanke kwalabe. Shugabar makaranta ta faɗa min ƙiri-ƙiri: in muka dawo da kunya, kicin za ta mayar da ni.

Malam Bappa, malamin bayoloji, shi ya zana abin da za mu nuna, ni na haɗa. A cikin ƙwayar halitta, kaya ba sa yawo haka kawai, wata 'yar jaka ke ɗaukarsu daga wannan sashe zuwa wancan. A bakin jakar akwai furotin mai ɓangare huɗu, ɗaya daga ciki shi ke gane kaya ya cafko su. Uku na yi da sakaina. Mai cafkar kuwa da kwali na yi shi, na manne da sitaci.

Motar makaranta ta ƙi tashi, muka hau a-kori-kura tare da awakin wani falke ɗan Gamawa. Muna sauka na ga wata akuya tana tauna. Ta cinye mai cafkar kaf.

Malam ya dafe kai. "Hadiza, mu janye kawai."

"Malam, ka yi haƙuri. Ban sha warin awaki tun daga Azare don in zo in janye ba."

Alƙaliya, wata Hajiya mai tabarau, ta iso teburinmu. Na ja igiyar da ke motsa jakar da muka haɗa. Jakar ta rufe tsaf, ta tafi, ta bar ƙwallayen dabinon da muka sa a matsayin kaya zube a baya.

"Ina kayan?" in ji Hajiya.

"Hajiya, mai loda su akuya ta cinye."

Ɗalibai suka kwashe da dariya. Malam ya yi wuf ya karɓe: "Ranki ya daɗe, a jiki ma haka yake. In ɓangaren nan ya samu matsala, jaka za ta iya tafiya, kayan da shi ke ganewa su tsaya a baya."

Hajiya ta ce in sake ja. Ta kira sauran alƙalai, na sake. Mu muka ɗauko kofi, kicin kuwa bai gan ni ba.

Tun ranar, in abu ya lalace a ɗakin gwaji ba na ɓoyewa, sai na fara duba abin da rashinsa ya nuna. Falken nan kuma har yau in ya hango ni a kasuwa sai ya ɗaga murya: "Malama, akuyata tana jiran rabonta!"