Faranti Wayam

"Kuma har yau ba ta ba ni haƙuri ba," in ji Ante, yana kankare ɓawon lemon tsami a bakin ƙofarsa. "Kashe injin nan ka ji, yaro. Ciyawa ba guduwa za ta yi ba."

Ni ke yanke ciyawar unguwar. Na kashe injin, na zauna a kan matakala.

Ante ya zo nan garin Port Lincoln daga ƙasar Kuroshiya yana saurayi, ya ƙarar da ƙarfinsa a jiragen kamun kifi. Matarsa Noeleen 'yar nan ce, ita ke riƙe da duk hulɗarsu da jama'a. Shi dai ya sa riga ya bi ta. Da ta rasu, 'yarsa ta sama masa ɗaki a wannan unguwa ta tsofaffi. A makonsa na farko Glenys, shugabar shan shayin Juma'a, ta tare shi ta ce, "Ka zo, amma ka taho da faranti."

Kowa a nan ya san nufin maganar: ka zo da abin ci a kai. Ante ya ɗauka kwanuka ne suka yi musu ƙaranci. Ya wanke farantin da Noeleen ta fi so, mai zanen shuɗi, ya kai shi haka nan.

"Ɗaga shi ta yi sama," in ji shi. "Wai, jama'a ga abincin Kuroshiya, ba ya sa ƙiba. Farantin matata fa."

Tun ranar ake kiransa Wayam. Ya daina fita, sai dai ya leƙa ta taga. Ana nan sai Lorna, wadda Glenys ta tsige daga dafa shayi wai nata ruwa-ruwa ne, ta ƙwanƙwasa masa ƙofa.

"Ba tausayinka ya kawo ni ba, tsoho," ta ce masa. "So nake in ga kek ɗin matar nan ya koma gida ba a taɓa shi ba. Me ka iya?"

Ban da gasa kifi bai iya komai ba, amma yana tune da fanken da mahaifiyarsa ke soyawa da ɓawon lemon tsami da zabibi. Na farko ya ƙone. Na biyu Lorna ta ce a ajiye don jifan tsuntsaye. Ƙamshin ya jawo Des, maƙwabcinsu, wanda Glenys ta taɓa kushe tumatirinsa a gaban mutane. Haka suka shafe lokacin sanyi, suna suya suna zaginta, daga baya har da karta.

"Yau ce ranar," in ji Ante. "Ka riƙe mini ƙofar zauren, hannuna biyu a cike."

Da ya gama suya muka tafi zauren, ya ajiye farantin shuɗin daidai gefen kek ɗin Glenys, fanke na tururi.

"A'a, Wayam, yau an tuna da mu?" ta ce.

"An tuna da ke musamman, shugaba."

Des ya ɗauki ɗaya, ya lumshe ido don nuna daɗi yadda suka shirya. Na biyun da ya ɗauka kuwa ba shiri ba ne, daɗi ne ya ja shi. Kafin Glenys ta gama zuba shayi, hannuwa sun yi wa farantin ca. Kek ɗinta na nan da wuƙa a gefe, babu wanda ya yanka.

Ante ya ɗauki farantinsa, ya karkaɗe sukarin, ya ɗaga shi sama a gabanta.

"Ga shi kuma, wayam. Naki fa, a taya ki ɗauka?"

Zauren ya ɗauki dariya. Glenys ta rufe kek ɗinta. Wata tsohuwa ta jawo kujerar kusa da ita ta ce, "Ante, zo ka zauna nan." Da sunansa ta kira shi.

Ya zauna, ya sha shayi kofi guda. Da muka fito na tambaye shi ko ya huce.

"In huce? Ba ta ba ni haƙuri ba tukuna." Ya danna farantin a hammata. "Lorna, taho da bokiti. Lemon bayan gidan Des ya nuna, kuma Juma'a na tafe."

Ya nufi bishiyar, Lorna na biye da shi tana mitar saurinsa.