Baffa Falalu Ya Tafi Kafin a Yanke Dawa

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi Baffa ya riga mu komawa. Ranar Talata, 16 ga Satumba, 2025, cikin watan Maulidi, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Falalu Mailafiya a gidansa da ke Buji, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun tsakiyar damina. Ina cikin aji a Dutse labarin ya same ni. An yi masa sutura bayan Azahar. A hanyarmu ta zuwa, duk gonar da muka wuce dawa ta fara fitar da kai, na riƙa kallonsu ina ƙiyasta wadda aka ba taki a kan kari da wadda aka makara. Sai da muka kusa shiga gari na tuna wanda ya koya mini wannan kallon, a nan kuka ya zo.

Baffa, yau ne karo na farko da sunanka ya fito daga wurina, shi ma a rubuce. Kai ƙanin mahaifin marigayi mijina Sadisu ne. Ka yi aikin malamin gona tun kana saurayi har ka yi ritaya, daga ƙauyukan Ringim zuwa na Buji, a kan babur ɗin da tun daga nesa ake gane ƙararsa. Mutane da yawa za su faɗi alherinka, kuma sun fi ni sanin ka. Ni abu ɗaya zan faɗa, domin ka hana ni faɗarsa kana raye.

Sadisu ya rasu ya bar ni da 'yan mata biyu, Afra'u da Mahbuba, da gida a unguwar Takur da ke Dutse, da gona ɗaya a bayan Buji. Rabon gado bai zo da gardama ba: yara da kasonsu, ni da nawa, ragowar na 'yan'uwansa, babbansu Yaya Talha. Sai ga dillali da mai saye, wanda ba ya son guntu, gaba ɗaya yake so. Yaya Talha ya ce a sayar a ba kowa haƙƙinsa. Ba mugunta ba ce, lissafi ne. Ya ce gonar ta gaji, ciyawar wuta-wuta ta cinye ta, wadda za ta kula da ita kuma malamar tarihi ce da ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ni dai na sha ganin yadda kuɗin gona ke narkewa a gida mai yara, kuma wannan ce kaɗai ƙasar da 'ya'yana za su nuna su ce ta ubansu ce.

Kai ne ka yi gyaran murya a wannan zama. Ka ce a ba gonar damina uku. In ta ba da abin da kowane mai gado zai karɓi rabonsa a dami, a bar ta. In ta kasa, a sayar, kai da kanka za ka zama shaida. Yaya Talha ya amince, ina jin don ya tabbata damina ɗaya ma za ta raba gardama.

A Dutse muna da wani jinsin manoma da nake kira manoman Asabar. Ma'aikata ne, mutanen kirki, kowa da gonarsa a ƙauye. Ba sa zuba taki sai albashi ya shigo, ba sa leƙa gona sai ranar hutu, kuma sun fi son gonar bakin titi, inda abokan aiki za su wuce su ga ganye ya yi kore shar har yana baƙi-baƙi. Ba a cika tambayarsu dami nawa suka ɗaure ba, su ma ba su cika faɗa ba. Da ba don kai ba, da can na nufa, domin nan ne duk wanda na sani yake.

Tun da rani ka roƙi wasu makiyaya suka kwantar da shanunsu a gonar, suka ci kara suka bar mana taki. Da shuka ta tsiro aka rage ta, ka sa aka bi kowane gindi da takin zamani na kamfa cikin marfin kwalba, ana haƙa ɗan rami nesa da tushe kamar faɗin tafin hannu, a zuba a rufe. Na ce maka wannan ai kamar ba jariri magani ne. Ka ce ai jaririn ne. Ka nuna mini cewa in taki ya yi kaɗan ganye zai yi ɗorawa, zangarniya ta fito kamar ta roƙo. In kuma ya yi yawa, dawa ta tafi tsayi da ganye, ta makara wajen nuna, iskar ƙarshen damina ta zo ta kwantar da ita. Takin yuriya kuwa ka ce a jira.

"Malama," ka ce da ni, "dawa ba ta san ƙarshen wata ba, ba ta san Asabar ba. In ta kai gwiwa, a lokacin take ƙulla zangarniya a cikinta, ba mai gani. Abin da kika ba ta a wannan lokaci, in ƙasa da danshi, shi za ki tarar a masussuka. Bayan ta fitar da kai kuwa, duk abin da kika zuba, ciyawa kika yi wa walima."

A daminar farko abin da muke da shi kaɗan ne, muka ba ta a kan lokaci, muka zuba ido. Sai da dawa ta gama fitar da kai, wata Asabar, aka kira ni aka ce ga a-kori-kura a bakin gona shaƙe da buhunan yuriya, har da 'yan ƙwadagon da za su watsa. Yaya Talha ne ya aiko. Taki mai rangwame ya iso a makare, ya saya wa gonarsa, ya tuna da marayun ƙaninsa. Kyauta ce ta tsakani da Allah, kuma ita ce abu mafi haɗari da ya taɓa samun gonar nan. In aka watsa, takin ya tafi a banza, baɗi ba mu da na zubawa, sannan Yaya Talha ya ce ga shi har taki an ba ta ba ta yi komai ba, ƙasar ta mutu. In kuma na ce a dakata, matar ƙani ta mayar wa yayan mijinta kyauta, a gaban direba da 'yan ƙwadago. Duk wanda ya san gidajenmu ya san wannan ba ya gyaruwa da ban haƙuri.

Na kira ka. Ƙarar babur kawai na ji kafin ka kashe waya. Ka isa ka ce wa direba ya juya ya bi ka gida, aka sauke buhunan a ɗakin matarka. Sannan ka kira Yaya Talha.

"Talha, na ga kayan da ka aiko. Na yi sha'awa, na kwashe."

"Baffa, na marayu ne fa."

"Na sani. Ni ma maraya ne, tun kana goye ubana ya rasu. In kana da magana ka zo gida ka same ni."

Bai zo ba, domin ba a zuwa gidan baffa karɓar kaya. Amma magana ta fita. A wani gidan suna na ji da kunnena wata dattijuwa, Indo, tana cewa, "Tsoho da carbi har ƙasa, ya cinye takin marayu." Mutanen da suka saba kiran ka raba iyakar gona suka koma kiran wani. Na zo na ce maka zan yi wa dangi bayani. Ka ce, "Kul. Kina buɗe baki ya zama ke kika ƙi kyautarsa, ni kika aika. Ni tsoho ne, an saba da halina. Kuma Talha, in na ce masa ya yi kuskure zai ce to, ya manta. Amma tunda na ƙwace masa kaya, zai bi sawu har ya ga inda suka shiga."

Na yi shekaru ina koyar da labarin mutanen da suka sadaukar da dukiya ko mulki. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauki sunansa mai kyau, wanda ya yi rayuwa yana tarawa, ya jinginar da shi saboda buhunan taki da 'yan mata biyu ba, sai kai. Kuma ka yi shi kana dariya.

Girbin farko bai taka kara ya karya ba, amma gonar ta nuna da ranta. Ta Yaya Talha da ke bakin titi, wadda ta sha nata rabon a makare, iska ta kwantar da rabinta. Ba ka taɓa ambata wannan ba, ko da wasa. Ni ce ma nake ambata yanzu, kuma Yaya zai yafe mini.

Da damina ta biyu ta kama, dawa ta kai gwiwa, aka yi ruwa ƙasa ta jiƙa, sai ga amalanke da buhunan nan cif, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ashe a kan katako ka jera su, ka ɗaure bakinsu, ka lulluɓe. Inna Marwa, matarka, ta ce shekara guda ta yi ba ta da wurin ajiye tukunya a ɗakin, kuma in ta yi magana sai ka ce baƙi ne, za su tafi. Ka kira Yaya Talha ka ce ya zo ya ga inda takinsa zai shiga. Ranar Laraba ce, ya baro ofis ya zo cikin farar shadda, ya tsaya a kan kunya yana kallon ana haƙawa ana zubawa ana rufewa. Ya ce, "Baffa, wannan ɗan abin ne zai ishe ta?" Ka miƙa masa marfin kwalba ka ce, "Sunkuya ka tambaye ta." Ya naɗe hannun riga ya sunkuya. Ko rabin buhunan ba mu taɓa ba, sauran suka jira bana. Da kaka aka kai wa kowane mai gado rabonsa, matar Yaya Talha ta fito ta tambaya ko saye aka yi.

Duk da haka ba ka yarda a yi maganar ba. Ka ce damina uku aka yi alkawari, a bari ta cika.

Bana ce ta ukun, kuma bana ciwo ya kama ka. Ranar da na zo duba ka, ka rame har na tsorata, na zauna a bakin ƙofa ina jero gaisuwa. Ka katse ni.

"Ta kai gwiwa?"

"Ta kai, Baffa."

"Gwiwar wa? Taki ko ta Talha? Don shi dogo ne."

"Ta wuce tawa, ta kusa tasa."

"An yi ruwa?"

"Jiya, kamar da bakin ƙwarya."

"To me kike yi a nan?"

Na tashi na tafi gona. Wannan ce hira ta ƙarshe da muka yi kana cikin hayyacinka, kuma ban yi nadamar tashin ba, domin na san da na zauna da ka ji haushi.

Ranar sadakar uku dillalin nan ya zo gaisuwa. An ce ya yi addu'a mai tsawo, har da shafa fuska sau biyu, sannan ya matsa kusa da Yaya Talha ya yi ƙasa da murya, ya ce tunda shaidan ya tafi, mai sayen nan har yanzu yana nan. Ban san abin da aka amsa masa a waje ba. Abin da na sani shi ne, bayan La'asar Yaya Talha ya yi sallama ya shigo cikin gida inda mata suke, ya durƙusa gaban Inna Marwa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. Ya ce takin da aka ce Baffa ya cinye, shi ya aika da shi a lokacin da ba shi da amfani, Baffa ya ajiye, kuma da hannunsa ya zuba shi a gonar marayu. Ya ce duk wanda ya taɓa faɗin wata magana ya nemi gafarar Allah, shi ne na farko. Sannan ya juyo wajena ya ce, "Maman Afra'u, ba sai an jira girbi ba. Na sallami dillali. Gonar nan ba ta sayarwa ba ce." Dattijuwa Indo tana zaune a gefena, ta ja mayafi ta rufe fuska, kuma a ranar ba wanda ya kai ta yi maka addu'a.

Jiya na je gonar da yara. Zangarniya ta yi nauyi har ta fara sunkuyawa, kara kuma na tsaye. Mahbuba ta tsinci wani marfin kwalba a cikin kunya, ta goge ta sa a aljihu, ban hana ta ba. In Allah Ya kai mu girbi, bayan an fitar da zakka, damin farko ɗakin Inna Marwa za shi, daidai inda buhunan suka zauna.

Ya Allah, Ka ji ƙan Baffa Falalu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata makwancinsa. Kowace ƙwayar dawa da maraya ya ci ta sanadinsa, Ka sanya ta a mizaninsa. Yadda ya rufa wa wasu asiri da nasa sunan, Ka rufa masa asiri ranar tsayuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Marwa, da 'ya'yansa da jikokinsa, da Yaya Talha da dukan zuriyar Mailafiya, da manoman Buji da Ringim da suka saba jin ƙarar babur ɗinsa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya haɗa shi da Sadisu a Aljanna, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Baffa, an zuba a kan lokaci. Ka huta.

Zulaihatu, Maman Afra'u
Takur, Dutse