Ibu Raudatu, Malamar Da Na Kira Mai Aiki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, ina ɗakin karatu na jami'armu a Bukit Jalil, ƙasar Malesiya, Khaulah ta kira ni daga asibiti ta ce mahaifiyarta, Ibu Raudatu, ta cika. Ciwon zuciya ne. Shekarunta sittin da uku. Kwana tara ta yi a kwance ban sani ba, domin na yi wata huɗu ban leƙa ta ba.

Ibu, da ke zan yi magana yau, ko da yake na makara.

A ƙarshen 2022 na fara saninki. Ba mu daɗe da zuwa karatu ba ni da maigidana Ɗayyabu, ga tsohon ciki. Na shiga kasuwar Chow Kit neman attaruhu, ƙarnin kifi da zafi suka haɗu mini, jiri ya ɗebe ni a gaban rumfarki ta abinci. Kika zaunar da ni, kika ba ni shayi mai citta, kina yi mini fifita da murfin kwali. Da na dawo hayyacina na haɗa 'yar Malay ɗin da na iya, na faɗa miki sunana, na ce mutanen Malesiya akwai kirki. Kika yi dariya.

"Ni ma baƙuwa ce kamarki, Nak Murja," kika ce. "Daga Indonesiya nake."

Nak, wato 'yata. Ni kuma na kira ki Ibu, wato uwa, kamar yadda kowa a layin masu abinci yake kiranki.

A lokacin abin da na sani game da ƙasarki bai wuce cewa daga can ake kawo masu aikin gida da leburorin gini ba. Ke kika gyara mini. Shekara goma sha tara kika yi kina koyarwa a firamare a wani ƙauye kusa da Bukittinggi, a yammacin tsibirin Sumatra, kafin mijinki ya rasu ki ƙetaro don Khaulah ta yi karatu. Malantar ba ta taɓa sakinki ba. Kikan tsoma yatsa a ruwa ki zana mini taswira a kan tebur: nan Sumatra, nan Jawa, nan Sulawesi, tsibirai sama da dubu goma sha bakwai, harsuna fiye da ɗari bakwai. Kika ce babu ƙasar da ta kai taku yawan Musulmi. Kika ce a gida da Minang kuke magana, harshen ƙabilarku ta Minangkabau, amma a aji da harshen Indonesiya kike koyarwa, wanda matasan ƙasar suka yi alƙawarin riƙewa a 1928 don ya haɗa kan kowa.

Ranar da muka gano kalmomin da muka yi tarayya a cikinsu, har shinkafarki ta kusa ƙonewa. Na ce duniya, kika ce dunia. Na ce ilimi, kika ce ilmu. Sadaka, sedekah. Nasiha, nasihat. Kabari, kubur. Kika shafa zanen atamfar da ke jikina kika ce asalinta batik ne na mutanen Jawa, Turawan Holan ne suka kwaikwaya suka kai mana. Na yi musu. Kika ƙyale ni na je na bincika, na dawo da kunya. Haka muka yi a kan Indomie, wadda na rantse miki tamu ce.

Kin nuna mini hoton gidanku na gado, dogo, na katako, rufinsa ya lanƙwasa sama kamar ƙahon ɓauna. Kika ce a wajenku gida da gonar gado ta wajen uwa suke bi, 'ya mace ce ke riƙe su, maza kuwa su fita duniya neman sani da arziki. Na tambaye ki yadda kika bar irin wannan gida kika zo kina kwana a ɗaki ɗaya a unguwar Kampung Baru. Kika ce gidan ba ya gudu, karatun yarinya ne ba ya jira.

Da na haifi Hadiyya, ba ni da uwa ba ni da ya a ƙasar nan. Kika bar wa maƙwabciyarki rumfa, kina hawa jirgin ƙasa kullum da safe zuwa Bukit Jalil. Ke kika yi wa jaririyar wanka. Ke kika ɗaure mini ciki da doguwar ɗamara irin taku, kina dafa mini kurkur da tsamiya ina sha ina yamutsa fuska.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar suna matan ɗalibai 'yan uwanmu suka cika falo. Kika shigo ɗauke da tukunyar rendang, naman da kika yi awa huɗu kina juyawa a madarar kwakwa har ya yi baƙi. Wata baƙuwa ta dube ki ta ce da ni, "Murja, ina kika samo wannan?"

Na ce, "Indon ce, tana taya ni aiki."

Na san abin da kalmar take nufi. Na sha jin ana jefa ta a kasuwa da raini, na kuma san mutanenku ba sa son ta. Na faɗe ta ne don a ce ni ma ina da mai aiki. Ba kya jin Hausa, amma wannan kalmar kin ji ta. Kika ajiye tukunyar a hankali, kika koma kicin. Sai da mutane suka watse, kina ɗaura ɗankwalinki za ki tafi, kika ce, "Nak, sunan ƙasata Indonesiya. Ba a gutsure shi." Na sunkuyar da kai na yi kamar jaririyar nake gyarawa. Washegari ƙarfe takwas kika ƙwanƙwasa ƙofa da ruwan kurkur ɗinki, haka har na yi arba'in.

Da ƙaramar Sallah ta zo, muka je gaishe ki. Al'adarku ce a wannan rana kowa ya nemi gafarar kowa, yawanci yaro ne ke fara zuwa gaban babba. Ban fara ba. Ke kika kama hannuwana biyu kika ce, "Mohon maaf lahir dan batin." Ma'anarsa, ina neman afuwa a kan na fili da na ɓoye. Ke kika nemi tawa. Ni kuwa na ce, "Ba komai, Ibu," kamar ni aka yi wa laifi. Sallah ta sake zagayowa, na sake yin shiru. Daga nan na riƙa rage zuwa, ina fakewa da rubutun digiri, alhali idonki nake gudu.

An kai ki gida Sumatra, an binne ki kusa da mahaifiyarki. A filin jirgi, ranar da za a tafi da ke, na gaya wa Khaulah duk abin da na rubuta a nan. Ta ce ba ki taɓa faɗa mata ba. Ta ce abin da kawai kika tambaya a asibiti shi ne ko Hadiyya ta fara magana.

Ta fara, Ibu. Ni ce ban kawo miki ita ba.

Mohon maaf lahir dan batin. Ki yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Khaulah, da ƙaninki Pak Ubaidullah, da danginki na Bukittinggi, da matan layin abinci na Chow Kit waɗanda suka rufe rumfunansu ranar da aka ɗauke ki. Allah Ya ba su haƙurin rashinki. Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa Raudatu, Ka yalwata mata kabarinta, Ka sa hidimar da ta yi wa baƙuwa ta zame mata haske, Ka sada ta da Aljannar Firdausi. Mu da muka rage, Ka yafe mana abin da harsunanmu suka ɗauko, Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.